Tuwon Wanda Bai Dawo Ba

Ranar Lahadi aka karanta mana labarin fitar Bitrus daga kurkuku, sai na ji ƙamshin miyar yakuwar Goggo a tsakiyar coci.

A shekarun tashin hankali aka kwashe samari a hanyar garin Uba, har da autanta. Tun daga ranar, duk tuwon dawar da ta tuƙa sai ta malmala nasa, ta rufe a langa yana tururi. Da safe jikoki su ci ɗumame.

Wata rana na same ta tana rufe langar. Da yake ni malamin makaranta ne, na ɗauka gyara aikina ne ko'ina.

"Goggo, ki bar wa Allah. Wannan wahalar da kai ne."

Ta goge hannu a zani. "Malam, kai da ka iya karatu. Mutanen nan sun taru suna addu'a a saki Bitrus. Ya zo yana buga ƙofa, suka ce wa yarinyar da ta ji muryarsa ta haukace. Ni ba zan yi irin addu'arsu ba. In na roƙa, zan dafa."

Ta rasu ba ta ga autanta ba. Bana dangi sun matsa a yi masa sujadar jana'iza, a raba gonarsa ta garin Sahuda. Na ƙi, kuma na shuka masa gyaɗa.

Ubangiji ya hutar da ke, Goggo. Ya buɗe ƙofar da autanki yake bayanta, yaron ya same mu a shirye.