Fegin da Baba Nomau Bai Taɓa Shukawa Ba

Baba Nomau ya rasu.

Da safen nan ina tashar 'yan kabu-kabu ta Gidan Amumune, ina zuba wa moto esansi, wato fetur, daga kwalba, ƙanena ya bugo mini. Kwalbar ta suɓuce daga hannuna. Na Allah ne mu, can za mu koma, na sani. Amma wallahi ƙirjina zafi yake.

Ba kakana ba ne. Maƙwabcinmu ne a ƙauye, can wajen Hawandawaki. Ranar da aka kore ni daga lakwal, makarantar boko, don na mayar wa mushe, wato malaminmu, magana, kowa ya ce na lalace. Shi ko ya miƙo mini ƙwaryar furarsa, ya ce: "Sha tukuna, Bakin-Aska. In ka ƙoshi ka ci gaba da masifar."

Sunan ya bi ni har yau.

A gonarsa akwai wani fegi da bai taɓa zuba wa iri ba, ko a shekarar da rumbunsa ya ƙare tun kafin ruwa ya sauka. Samarinmu na cewa wai aljanu yake tsoro. Jahilcin banza!

Ga abin da ke wurin. A 1899, sojan Nasara suka ratso ƙasar Tasawa suna ƙone garuruwa. Suka faɗa wa ƙauyenmu hatsi bai kai gwiwa ba. Kakarsa, tana budurwa lokacin, ta ɓuya cikin sabara. Da suka wuce, ita da matan da suka rage suka haƙa wa waɗanda aka kashe rami guda a fegin nan, suna kwashe ƙasa da ƙwarya. Ubanta da yayyenta biyu suna ciki. Ba likkafani. Ba a yi musu salla ba, don limamin ma yana cikin ramin.

Ni da kaina na koyi karatun Faransanci a portabul, kalma bayan kalma, don in san wannan shekara. Wata rana na je masa ina huci, ina fassara masa abin da na karanta. Ya bari har na gama, ya ce: "To, mushe, takardar taka ta kawo sunan ko mutum guda namu?"

Na duba sama da ƙasa, ko guda babu.

Sai ya shiga jero su yana lanƙwasa yatsu: Mati, Na-Allah, Liman Habu, Gagare mai jima... yatsu suka ƙare, ya sake daga farko.

Na ce, Baba, don mi ba ka taɓa zagin waɗannan azzalumai ba? Ya ce: "Kai zage su, ka fi ni iyawa. Ni na ƙasan nan nake ji."

Juma'ar da ta wuce ya sa na ɗauke shi a moto zuwa gona. Ƙafarsa ta kumbura, amma ya ce sai mun taka. Ya dafa kafaɗata muka zagaya iyakar fegin: daga gawo zuwa suri, daga suri zuwa inda ya dasa gamba ta mutu.

Ya ce: "In na tafi, ɗiyana za su raba gonar nan, kuma sun samu shanun huɗa. Ba su da laifi, ƙasa ta yi kaɗan, bakuna sun yi yawa. Ka roƙe su kada su huɗe fegin nan. Roƙo na ce, Bakin-Aska, ba zagi ba."

Na yi dariya na ce sai ya binne ni tukuna. Ashe sallama yake yi.

Yanzu hadari ya fara haɗuwa. In ruwa ya sauka garma ta bi ta kan fegin nan sau guda, shi ke nan, an kashe su karo na biyu. Kuma ni kaɗai aka nuna wa iyakar.

Jana'iza ta wuce ni. Na ɗaure saiwar gamba da zan dasa a iyakar fegin a bayan moto, yanzu zan kama hanya. Zan yi gaisuwa, in an share makoki in durƙusa gaban babban ɗansa. Ban taɓa roƙon kowa ba, ban san yadda ake farawa ba.

Ya Allah, ka yalwata wa Baba Nomau kabarinsa, ka haɗa shi da waɗanda ya tsare wa makwanci duk tsawon ransa.

Wanda ya karanta, ya yi masa Fatiha. Ya ƙara guda don mutanen ramin, su da ba a sallata ba. In da saura, ku roƙa mini Allah ya riƙe mini bakina.