Sidi da gayyar ordinatar bakwai

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar aminina Sidi, mai gyaran rediyon da ya koya wa kansa zanen majigi mai motsi. Allah ya jiƙan shi.

Shekarar da damina ta ƙi, sojoji kuma suka karɓi mulki, Sidi ya zana raƙumi mai magana, yana roƙon makiyaya su sayar da dabbobinsu kafin yunwa ta kashe su. Yana son nuna shi ranar kasuwar Aderbissinat. Sai ordinatar ɗinsa, wato kwamfuta, ta ce kwana arba'in za ta yi tana haɗa hotunan. Ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka bi Agadez gida gida muka aro shida, har da ta mai farmasi da ta daraktan lakwal, shugaban makaranta. Ya haɗa su da waya, ya raba musu hotunan kamar kunyoyin gona. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke, mu yi salati. Ya dawo, mu koma yi wa injunan fifita da faifai.

Wani sarjan ya leƙo, ya ga injuna bakwai suna aiki ba kowa a gabansu.

"Da wa suke magana?"

"Da junansu, ranka ya daɗe," in ji Sidi.

"An hana taro," in ji sarjan. Da ya ga raƙumin sai ya ja kujera.

Ashe Sidi ya manta bai ba ordinatar daraktan launin raƙumin ba. Duk hoto na bakwai sai ya fito jajir kamar tattasai. Lokaci ya ƙure, muka ce da babu gara ba daɗi.

A kasuwa raƙumi yana wa'azi yana walƙiya, Sidi ya ɓuya bayan mota. Can wani dattijo ya ɗaga sanda: "Gaskiya ya faɗa! Dabbar da ta kai haka, a sayar da ita yau!" Da yawa suka sayar, suka koma da hatsi.

Yanzu jikata tana yin irin wannan a wayar hannu kafin shayi ya huce. Da Sidi ya gani, na san zai yaba, sannan ya tambaya wa za ta je ta gaisar in ba ta aron kome.

Majigin ya ɓace, injunan sun mutu. Amma bara a tasha wani makiyayi ya riƙe hannuna, ya ce albarkacin jan raƙumin nan 'ya'yansa ba su kwana da yunwa ba. Ban gaya masa mantuwa ce ba.