Gidan sauron Baffa Sule

Daminar da ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa ce, jim kaɗan bayan sallar magariba, a mashekarinmu da ke gefen fadamar Taura, inda muke kai shanu su yi damina. A bakin wuta akwai kakarmu Dada, da ƙanin mahaifina Baffa Sule, da matarsa Adda Laure, da mu jikoki.

Wutar ta ɗanyen ganyen darbejiya ce da busasshen kashin shanu. Don hayaƙinta ake hura ta, ya kori sauro. Amma hayaƙi ba ya shiga bukka ya kwana. Gidan sauro ɗaya ne a mashekarin, wanda Baffa ya sayo a Dutse, kuma shi ke kwana a ciki. Adda Laure na ɗauke da cikin fari, zazzaɓi ya riga ya kayar da ita sau ɗaya. Kowa ya gani, babu mai faɗa. A wurinmu cikin fari abin kunya ne. Ita ba za ta roƙa ba, shi kuma ba zai bari uwarsa ta ga yana tattalin matarsa ba.

Dada ta zungure ni da sanda. "Maigidana, matso. Kai da ko cefane ba ka yi, sai cin tuwo. Ga wata tatsuniya nan tafe."

"Ta iso mu ji ta," muka ce.

Wai wani makiyayi ne yake da ƙwarya biyu da faifai ɗaya. Ƙwarya ɗaya cike da madara, ɗaya wayam. Don kada a ce yana da kwaɗayi, sai ya rufe wadda ba komai, ya bar mai madarar a buɗe. Uwar sauro ta tara 'ya'yanta ta ce su yi sauri, sun sami mai kunya. Kafin gari ya waye madarar ta yi ja, ta tsinke. Makiyayin ya zauna yana kuka, rungume da busasshiyar ƙwarya mai tsabta.

"Dada, ai sauro ba ya shan madara," na ce.

"Kai ka taɓa tambayarsa? Rufe mini baki." Ba ni take kallo ba.

Baffa ya miƙe, ya ce zai duba maruƙa. Da ya dawo sai ya tsaya a bayanmu yana magana da iska: "Gidan sauron nan zafi gare shi. Ni na gaji da shi. A cire mini shi daga bukka." Adda Laure ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. A daren aka ɗaura mata gidan sauron a kan shimfiɗarta.

Na daɗe ina ɗauka labarin wauta ne kawai. Sai da na girma na san cewa zazzaɓin cizon sauro ya fi yi wa mai ciki illa, yana shanye jini, yana iya zubar da cikin. Dada ba ta san sunan ƙwayar cutar ba. Ta dai san ɗanta, ta san umarni zai sa ya ƙi, don haka ta ba shi hanyar da zai bayar ba tare da an ce ya bayar ba.

A makon da ya bar gidan sauron Baffa ya kwanta da zazzaɓi, ya sha magani ya tashi. Adda Laure ta haihu a lokacin kaka, 'ya mace, lafiya lau.