Suna na Ƙarshe a Jeri

Ko da zan manta launin ɗakin da na zauna a unguwar Darrasa, a ƙasar Larabawan da na je karatu, ba zan manta wata safiyar Talata ta shekarar 2013 ba, ranar da aka miƙo mini biro hannuna ya ƙi motsi.

Mu biyu ne a ɗakin. Ni daga Katsina na zo, ita kuwa Bahaushiyar Sudan ce. Kakanninta sun taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a can, ba su sake komawa ba. Ita ta koya mini Larabcin titi. Takan ce, "'Yar Katsina, Larabcinki na littafi ne. Mai shago zai ɗauka huɗuba kike masa."

Dukanmu karatun harhaɗa magunguna muke nema. Kwalejin ta ware gurabe kaɗan ga 'yan Afirka waɗanda Larabci ba harshen gidansu ba ne, kuma an sassauta musu maki. Da aka kafe sunaye, nawa ne na ƙarshe a jerin. Nata babu, alhali ta fi ni maki nesa ba kusa ba. Fasfonta na Sudan ya jefa ta layin Larabawa, inda gasar ta fi zafi.

Ta daɗe tana kallon allon, sannan ta yi wata 'yar dariya. "A titi ana ce mini baƙa, a takarda kuma Balarabiya ce ni. To ina zan tsaya?"

Ni na ja hannunta zuwa ofishin ɗalibai baƙi, zuciyata cike da adalci irin na wanda bai san farashinsa ba. Muka tarar da wata dattijuwa mai tabarau a bayan tulin takardu. Ta saurare mu har ƙarshe, ta ce akwai hanya: ƙawata ta rubuta ƙorafi, wata ɗaliba daga jerin ta shaida cewa Hausa ce harshen gidansu.

Na ce, "Ga ni, ni zan shaida."

Ta duba jerin, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "Ya binti, 'yata, ki sani gurabe ba sa ƙaruwa. In aka karɓi ƙorafinta, suna na ƙarshe ne zai fita. Kin gane?"

Na gane. Ta turo takardar gabana, ta miƙo biro.

Fanka na juyawa a sama kamar ita ma ta gaji. Na tuna mahaifiyata da ta riga ta shaida wa dangi cewa 'yarta ta samu. Na tuna shekara biyu da na yi ina kokawa da harshen da ƙawata ta tsinta tun tana wasan ƙasa. Wata murya a cikina tana cewa ai don irina aka ware gurbin nan, wata kuma tana cewa abin da za ki shaida gaskiya ne. Bakin biron yana kan layi, ni kuwa na tsaya ƙirga furannin da ke jikin mayafin dattijuwar.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji an zare takardar daga ƙarƙashin hannuna a hankali.

"Khalas, 'yar uwa, bar shi," in ji ƙawata. Ta ninke ta gida huɗu.

"Zan sa hannu, wallahi. Tunani kawai nake."

"Na sani. Na ga tunanin."

Babu faɗa a muryarta, kuma da ta yi faɗan da ya fi mini sauƙi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Kujerar taki ce. Amma ki zauna a kanta da kyau, kada in ji kin faɗi."

Ita ta koma Sudan kafin ƙarshen shekarar, ta karanci aikin jinya. Ni na gama, ban faɗi ko darasi ɗaya ba. Muna gaisawa duk sallah, ba mu taɓa tayar da maganar ba.

Har yau ina ganin ware gurabe alheri ne, domin ba don shi ba da ban shiga ba. Sai dai na koyi cewa takarda ba ta iya ɗaukar mutum gaba ɗayansa, kuma duk ƙofar da aka buɗe maka akwai wanda aka rufe ta a fuskarsa. Na kuma koyi cewa kada in yabi adalcina sai ranar da ya nemi abin da ke hannuna. Nawa an gwada shi sau ɗaya, aka same shi yana ƙirga furanni.