Ganawata ta ƙarshe da Inna a bodar Jibiya

Shekarun baya, lokacin da aka rufe boda, ina zaune a Jibiya da maigidana, wanda aikin asibiti ya kawo shi garin. Ni kuwa 'yar wani ƙauye ce kusa da Maraɗi, a can mahaifiyata take tare da ƙanena. Kafin rufewar, zuwa gida ba wani aiki ba ne. In na karya kumallo a Jibiya, da Inna nake cin abincin rana.

Ana cikin haka ƙanena ya bugo mini waya. Ya ce ciwon cikin da Inna take fama da shi ya ci ƙarfinta, likita ya sallame su, ya ce abin sai addu'a.

A lokacin ni ce mai jagorantar addu'a a zumuntar matan ikilisiyarmu. Amma da abin ya zo kaina, sai bakina ya mutu. In na durƙusa, ba abin da ke fitowa sai ƙorafi. Na ƙudura zan hau babur in bi ta daji kamar yadda wasu ke yi. Maigidana ya ce ba da yawunsa ba, don a watannin nan 'yan bindiga na tare mutane a hanyoyin. Muka yi ta sa-in-sa. Ashe ya kai ƙarata wurin ƙanena, maganar ta isa kunnen Inna. Ta sa aka kira ni.

"Ɗiyata," ta ce, muryarta can ƙasa, "in kika biyo dajin nan, ko kin iso ba ni duban ki."

Maƙwabciyata, wata Hajiya mai sayar da atamfa, ita ta same ni a tsakar gida ido ya kumbura. Da ta ji abin da ke ciki sai ta ce, "Maman yara, ɗauko mayafinki. Mu je mu roƙa, in an hana mu dawo."

Muka je wurin babban jami'in da ke bakin boda. Hajiya ce ta yi bayani, ni kuka ya hana ni. Ya ce ba shi da ikon barina in shiga Nijar. Amma in 'yan uwana za su iya kawo ta filin da ke tsakanin shingen nan da na can, zai yi wa jandarmomin Nijar magana. Ya ce shi ma yana bakin aiki a wani gari mai nisa tasa mahaifiyar ta rasu.

Ranar da aka sa, na tashi na tuƙa tuwon shinkafa, na yi farfesun kaza, na cika kula. Matar da ko kunu da ƙyar take haɗiyewa! Har yau in na tuna sai in yi wa kaina dariya.

Ƙanena ya kawo ta a motar haya, an shimfiɗa mata katifa a baya. Suka tsaya a inuwar wata bishiyar dogon yaro. Da na leƙa ban gane ta ba, duk ta ƙare sai idanu. Na faɗa jikinta ina rusa kuka.

"To, gaisuwa kika zo ko makoki?" in ji ta. "Ai ban tahi ba tukuna."

Na ce, "Inna, don me Allah zai bar ki cikin wannan azaba, ke da kika bi shi tun kina yarinya?"

Ta riƙe hannuna. "Ciwo akwai shi, ba ni ɓoye miki. Wani lokaci har zane nike cizo. Amma Yesu ya san zahi, a jikinshi ya sha shi saboda ni. Wanda ya fanshe ni da jininshi ba ya yada ni a hanya. In kin ji na tahi, gida na tahi. Yi mamu addu'a."

Na buɗe baki ina tsoron ba abin da zai fito, sai ga addu'a tana zuwa. Ban roƙi komai da yawa ba, godiya na yi ta yi. Da na ɗago, na ga Hajiya a gefe ta ɗaga tafukanta, wani jandarma kuma ya cire hularsa. Tuwon nan, Inna ta ce a kai wa direbobin manyan motocin da suka maƙale a wurin. Sun kuwa cinye shi tas.

Kafin damina ta faɗi Inna ta rasu. Ban sami zuwa jana'izarta ba, sai bayan an buɗe boda na je na ga kabarinta.

Allah bai warkar da ita ba, kuma ba zan ce na gane dalili ba. Amma ya ba ni wannan yinin, ta hannun mutanen da ba addininmu ɗaya ba, ya sa na ji daga bakinta cewa ba ta tsoro. Ranar da labarin rasuwarta ya zo na yi kuka sosai, sai dai ba kukan wadda aka yi wa ƙwace ba ne. Kukan wadda ta raka uwarta bakin hanya ne, kuma ta san inda ta nufa.