Inna Ma'u Mai Bargon Ƙyallaye

Ni na fara ganin abin nan kafin kowa a garinmu. Ina zaune bakin hanyar Gwiwa ɗan acaɓa ya sauke Ma'u da buhu. Na ce, "Me kika samo mana a Kazaure?" Ta kwance, sai ƙyallayen da teloli suka zubar. Na ce, "Shara kika ɗauko tun daga can?" Ta ce, "Baba Daudu, kai dai bakinka ba ya hutawa."

Tun daga ranar, kullum in ta gama aikin gida sai ta shimfiɗa tabarma a tsakar gidanta, mata su zo da allurarsu. Tana koya musu haɗa ƙyallaye, a sa tsohon zane a tsakiya, a bi da ɗinkin hannu har ya zama bargo. Ba wanda ya aiko ta, ba wanda ya biya ta.

Ban yi boko ba, amma abin da idona ya gani ya fi ƙarfin takarda. Yunwa ta zo ta wuce ta bar ni. Shekarar amai da gudawa na haƙa kabari har hannuna ya yi kanta, ko ciwon kai ban yi ba. A nan na san wace ce Ma'u.

Mu a nan, in mutum ya rasu ana raba kayansa, a yi sadaka da saura. A shekarar kuwa kowa ya tsorata. Saude maƙwabciyata ta binne 'ya'yanta biyu, ta bi gida-gida da rigunansu, ba mai miƙo hannu. Ma'u ta karɓa, ta dafa su a tukunya, ta shanya, sannan ta miƙa wa Saude almakashi. Matata na wurin, ita ta faɗa mini.

"Inna, ba zan iya ba."

"To riƙe mini, ni in yanka."

Da bargon da suka ɗinka da rigunan nan Saude take rufa har yau.

Ke ce uwar allura, Ma'u. Ke ce kika taɓa abin da maza suka gudu suka bari.

Yanzu yanar ido ta rufe ta. Ba ta iya zura zare, da yatsa take lalubar ɗinki. Bargon gwanjo ya cika kasuwa, 'yan mata sun ce aikin hannu wahala ne. Waɗanda ta koya wa, wasu sun rasu, wasu ciwon baya ya hana su zama. Na je gaishe ta ranar Juma'a, Saude kaɗai na tarar a gefenta.

Ta ce, "Baba Daudu, ba idon ne ya dame ni ba. Wa zan bar wa aikin nan?"

Na yi musu sallama na fito, tambayar nan ta biyo ni har gida.

Mun gode, Ma'u. Allah ya saka miki, ya sa ki gama lafiya. Ku kuma masu 'ya'ya mata, tana nan da ranta, hannunta bai manta ba.

Wanda ya ce tsoho ya cika baki, kada ya zo mini da musu. Ya tura 'yarsa gobe da hantsi ta zura wa Ma'u zare, ta zauna ta koya. In damina ta faɗi yarinyar ba ta fito da bargo ba, ya tare ni a ƙofar masallaci ya ƙaryata ni gaban jama'a. Ina nan, ban mutu ba.