Igiyar Nei Tekarei

Duk tsibirin Nonouti babu mai taurin kai irin maƙwabcina Taboia. Na faɗa masa ido da ido, ba sau ɗaya ba.

Tun yana saurayi yake sassaƙa wa mutane kwale-kwalen da iska ke turawa, sai da furfura ta cika masa kai ya fara nasa, a gindin kwakwar da ke tsakanin gidajenmu. Mu nan ba ma buga wa jirgi ƙusa. Namiji ya huda katako ya ɗinke, igiyar kuwa matarsa ce ke tufka ta da zaren ɓawon kwakwa, tana murzawa a cinya. Matarsa, Nei Tekarei, ta tufka masa dami uku, kafin na huɗu ta rasu.

Saura katako biyu igiya ta ƙare. Wata biyar jirgin na kwance baki buɗe, kaji na ƙwai a ciki.

Na kai masa tawa. "Ungo, tsoho. Ko cinyata ce ba ta yi maka ba?"

"Kauce, Nei Baurine, sarkin surutu. Ita ta fara, ita za ta ƙarasa."

"Daga kabari? To ka gaishe min da ita."

Bai yi dariya ba. Ya ce kullum da rana tsaka yana jin murzarta a bayan ɗaki. Na ce ƙaguwa ce ke jan ƙafa a kan tabarma, amma na daina bi ta wajen.

Wata safiya na gan shi bisa rufin gidansa yana kwance ɗauri. Gidan nan kaf, daga ginshiƙi har jinka, da igiyar matarsa aka ɗaure shi.

"Kai, mahaukaci! Ina za ka kwana?"

"Ai ba gidan ba ne ta ce in gama."

Shekarar da aka yi rufin nan hannun Tekarei ya kumbura, ni na tufka mata kusan rabi a ɓoye, muka haɗa baki kada ya sani. Na juya na koma gida da sirrin a cikina.

Kwana tara ya gama jirgin, rufin ya durƙusa ƙasa. Ranar da zai sa shi a ruwa ya zo ƙofata, ya ajiye wani ƙullin tsohuwar igiya, baƙa ƙirin da hayaƙi.

"Taki ce. Ta ce a maido miki, an gode."

Na warware, na bi ta da yatsa taku-taku. Na san tufkar hannuna: tawa ce duka, babu ko ɗani ɗaya na Tekarei a ciki.

Yana nan da ransa, yana kwana a rumfar jirgin, yana kawo min kifi. Ina tsokanarsa a kan komai, ban da wannan.